Ranar da Na Tsinka Zaren Wani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka raka ni filin tsere da kalangu, aka dawo da ni ko tari ba mai yi. Shekaru kaɗan ne kafin a ba mu mulkin kai, ina ɗan shekara goma sha tara, ƙafafu kamar sillen kara, baki kuwa ya fi ƙafafun gudu nesa ba kusa ba.

Gidanmu na wajen Ƙofar Taramniya, kuma gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Ni kaɗai aka kai elemantare a gidan, can kuma na kwaso ciwon gudu. Abin ya ƙara tsanani da aka ji a rediyo cewa wani Bature a Ingila ya yi mil ɗaya ƙasa da minti huɗu. Na ce a raina, shi ma ai ƙafa biyu gare shi, kuma bai taɓa bin bijimin da ya tsinke igiya ba.

Baba bai ga abin sha'awa ba ko kaɗan. Ranar da ya fara ganina cikin gajeren wando, sai da ya ajiye wuƙar da yake wasawa ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, wa ka korar ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Motsa jiki ne."

"Mutum da hankalinai shi tashi da asuba shi yi ta sheƙa gudu, ba kura ba ɓarawo? Ga shanu can in motsi kaka so."

Na yi ta roƙo har ya gaji. A ƙarshe ya yanke magana: ya ɗauke mini aikin asuba na wata huɗu, har zuwa wasannin lardi. In na shiga cikin ukun farko a tseren mil ɗaya, in ci gaba da haukata. In ban shiga ba, in tuɓe wandon marasa kunya in ɗauki wuƙa, kada ya ƙara jin zancen gudu a gidansa. Na amsa da sauri kamar an ce ga tsire kyauta.

A lokacin akwai mutum ɗaya a duk unguwarmu da ke gudu ba a kore shi ba, wato Malam Bawa, malamin ɗakin shan magani. Ya ba arba'in baya, gajere ne, ga sanƙo, in yana gudu kafaɗarsa ta hagu tana ɗan karkacewa. Kullum bayan sallar asuba zai fita bayan gari ya yi gudu daga wani dutsen mil na bakin hanya zuwa na gaba, ya duba agogonsa, ya rubuta a wani ɗan littafi da ya sha zufa har ya kumbura. Shekara bakwai yana shiga tsere bai taɓa cin ko sabulu ba. Amma ranar da ya rage daƙiƙa biyu a kan lokacinsa, sai ka rantse an yi masa haihuwa. (Ni da abokaina muna ce masa Kunkurun Asibiti. A bayan idonsa, ba shakka. Allah ya yafe mana.)

Da ya ji labarina ya tare ni a hanya da fara'a. "Samari, na ji ka shigo sahunmu. Taho mu riƙa bin dutse tare, gudun mutum biyu ya hi daɗi."

Na ce na gode, amma ina da nawa tsarin. Gaskiyar magana, ba na son a gan ni ina jerawa da kunkuru.

Ga tsarin nawa. Na ɗauko wata doguwar igiyar shanu da ke rataye a zaurenmu, na kai wa tela ya auna mini da sandarsa, yadi ashirin da biyu cif. Na yi lissafina na ɗan boko: in na shimfiɗa ta sau arba'in, rabin mil ke nan, zuwa da dawowa mil ɗaya. Na sami fili a bayan Gawon Nama, wanda a lokacin gonaki ne da burtali, na auna, na kafa turke can gaba da wani babban gawo. Agogo kuwa na Kawu ne da ya dawo da shi daga yaƙin Bama, ya ara mini bayan ya sa na rantse har sau uku.

Matsala ɗaya, duk ranar kasuwa shanu kan bi ta wurin su tumɓuke turken. Saboda haka kowane mako sai na sake ɗauko igiya in sake awo, in na gama in mayar da ita zaure in rataye.

Ranar farko na yi minti shida da daƙiƙa ashirin, na kwanta ƙarƙashin gawo ina haki kamar zan amayar da hanjina. Bayan mako biyu na sauko ƙasa da shida. Wata bai cika biyu ba na ga biyar da kwata. Jama'a, zo ku ga tafiya! Ƙasa ma sai da na ga dama nake taka ta. Na shiga cin ɗanyen ƙwai, na hana kaina fura wai tana sa nauyi, Inna tana ta salati tana cewa an yi mini jifa. Da wata na huɗu ya kama, agogon Kawu ya nuna mini minti huɗu da daƙiƙa ashirin da biyar.

(Na san abin da za ka tambaya. E, na lura cewa turken da a da yake gaba da gawo yanzu tun kafin in kai inuwar gawon nake juyowa. Na lura sarai. Abin da na gaya wa kaina shi ne, idon gwani daban yake ganin nisa. Ban dai kai ga cewa gawon ne ke tafiya ba, amma saura kaɗan.)

Da na faɗa wa Malam Bawa lokacina, bai yi dariya ba. Ya shafa sanƙonsa, ya ce, "Masha Allahu. To ko za ka zo gobe mu gwada bisa dutse, ko sau guda?"

Na ce, "Malam, kada in wahalshe ka."

Wallahi haka na ce wa bawan Allahn nan. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shige cikin riga.

Kafin ranar wasa labari ya gama mahauta: ɗan gidan wane ya kusa kamo Bature. Ni na baza shi da bakina, ba wani ba. Ranar kuwa, rundawan unguwarmu, wato masu fawa, suka rufe rumfuna da wuri, Labbo makaɗin mahauta ya rataya kalangu, aka sa ni gaba har fili. Baba ma ya zo, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya can gefe ya harɗe hannu a baya kamar wanda hanya ce ta biyo da shi.

Mu goma sha biyu muka jeru, zagaye huɗu za a yi. An manna mini lamba tara a singileti. Malam Bawa na gefena yana ta gyara igiyar wandonsa, can kuma ga wani dogon ɗan doka, baƙi, mai ƙafafu kamar taɓare. Ana busa usur na fita kamar an harbo ni. Zagayen farko ni ne gaba, ina jin kalangu na tashi, Labbo na kururuwa: "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! Na Baba, iska ta bi ka ta gaji!" (Baban da ko sauri ban taɓa ganin ya yi ba.)

A zagaye na biyu filin ya fara yi mini tsawo. Na ce wane irin mugun fili ne wannan, ba ya ƙarewa? Ɗan doka ya wuce ni, wasu suka bi shi, can sai ga kafaɗar nan mai karkata ta gifta ni a hankali, fat, fat, fat, ba gaggawa ba tsayawa. A na uku idona ya rufe, kunnena na ƙara, ƙirjina kamar an hura wuta. Na duba agogon Kawu, minti huɗu da rabi har ya gota. Jikina ya ce mil ya cika, don iyakar abin da ya saba ke nan. Na ɗaga kai, sai ga mutum biyu sun ja farin zare sun tare hanya a gabana.

Waɗanda suka wuce ni fa? Kada ka tambaye ni. Mai son abu ba ya lissafi. Na tattara ɗan abin da ya rage, na turo ƙirji, na ɗaga hannu sama, na tsinka zaren nan.

Rundawa ba su zo ƙirga zagaye ba, zare suka zo gani. Kafin in faɗi sun yi caa sun cika fili, sun ɗaga ni sama bisa kafaɗu, Labbo kamar zai fasa kalangu. Daga can sama na hango dogon ɗan dokan nan tsaye, riƙe da ƙugu, yana haki yana kallon guntun zarensa a ƙasa. Ashe taku uku ne tsakaninmu, shi yana ƙare na huɗu, ni ina ƙare na uku.

Sai alƙalin wasa ya ɗaga ƙahon magana, ya faɗa da ƙarfin da ko a Kwalkwalawa, can wajen gari, za a ji:

"Mai lamba tara! A sauke shi! Saura mishi zagaye guda!"

Kalangu ya yi ɗif. Aka dire ni kamar buhun gero. Sannan dariya ta ɓarke, tun daga rumfar manya har 'yan makaranta, wani har da faɗuwa yana riƙe ciki. Na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi. Na saci kallon inda Baba yake, na ga ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba abin da ya same ta.

Ina shirin sulalewa ta bayan rumfa sai na ji an kama hannuna. Malam Bawa ne, ya gama nasa, ya zo na shida, zufa na zuba daga sanƙonsa, numfashi ma da ƙyar yake fita.

"Tashi mu ƙarasa, samari. Ba a barin mil da saura."

Na ce, "Malam, dariya suke yi."

"Sun riga sun yi ta. Taho."

Mutumin nan da ya gama mil ɗinsa, wanda na kira kunkuru, shi ya sake shiga fili ya jera da ni. Bai wuce ni ba, bai bar ni baya ba, yana ta cewa, "Saki kahwaɗa. Ja iska ta hanci. Haka." Muka zagaya mu biyu rak a gaban dubban idanu. Tun ana dariya har aka daina, da muka iso kwanar ƙarshe sai na ji ana tafi. Na san ba ni ake yi wa ba.

Washegari da hantsi Malam Bawa ya yi sallama a zaurenmu, riƙe da sandar tela. Bayan sun gaisa da Baba ya tambaye ni da me nake awo, ya ce in kawo igiyar. Ya auna a gabanmu: yadi goma sha shida, da ɗan guntu.

Baba ya leƙo. "Au, wagga igiya? Ai ni ka yankan ta. Duk sadda za mu kada bijimi nikan ɗebi kamu biyu in ɗaure ƙahwahu."

Malam Bawa ya yi ta ƙoƙarin riƙe dariya har hawaye suka zubo masa. Wata huɗu ina cin ɗanyen ƙwai ina bin Bature, ashe wuƙar Baba ce ke yi mini gudun.

Ban jira an tuna mini alkawari ba. Na shiga ciki na ninke gajeren wandon, na kawo na ajiye gaban Baba. Bai ko dube shi ba. Malam Bawa yake kallo.

"Malam, kai da kaz zo na shida, na ga kana murna jiya. Mi anka ba ka?"

"Ba a ba ni komi ba. Daƙiƙa huɗu na rage bisa na bara."

"Shekara guda, daƙiƙa huɗu?"

"Huɗu. Amma nawa na, ba wanda ya yanko min su."

Baba ya daɗe yana jujjuya guntun igiyar a hannunsa. Can ya sa ƙafa ya turo mini wandon.

"Asuba tawa ta, alkawari alkawari na. In anka yi la'asar, bi Malam ku tai wurin duwatsun nan nasa. Dutse dai ban iya yanka shi."

Haka aka yi. Ranar farko a kan dutse na yi minti shida da daƙiƙa biyar, Malam Bawa ya rubuta a shafin ƙarshe na littafinsa. Shekarar da aka ba mu mulkin kai na sauko biyar da rabi, kuma kowace daƙiƙa na san inda na zubar da zufarta. Ban taɓa cin tsere ba, Baturen nan ma ban sake nemansa ba. Har Labbo ya tsufa, in ya hango ni a mahauta sai ya taɓa kalangu ya ce, "Saura guda!"

Tun daga ranar, in na ga al'amarina na ci gaba da saurin da ni kaina ya ba ni mamaki, ba na fara kiran makaɗi. Zaure nake fara shiga in auna igiya.