Kawu Nomau da Dokokin Rumfar Sidi

Hurera, Mudi, Gambo, ku matso kusa. Kai Mudi, ajiye wayar nan, ba don ita na taso ka daga Funtuwa ba. Maganar kawunku Nomau ce, kuma yau nake so a gama ta.

Kun san shi, amma sanin Sallah da Sallah kuka yi masa. Ni na goya shi, ni ce kuma nake zaune da shi shekara goma sha ɗaya tun rasuwar matarsa, daga ni sai shi sai awaki a gidan nan. Shekararsa hamsin da takwas, bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Ciwonsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi ne, ba ƙari ba ragi. Na riga na yi magana da mai motar ƙauye, ran Juma'a zai ɗauke shi ya kai shi gona wajen Baffa Ɗanlami, ya zauna can. Shi ba ya so. Ya ce in an raba shi da rumfar Sidi an raba shi da mutane. Shekaranjiya na san abin da zan yi, yau ban sani ba. Ku ji yadda aka yi.

Rumfar Sidi tela kun san ta, a bakin titi. Tsofaffi uku ne ke zamanta: shi Sidi, da Barau tsohon direban tirela, da Malam Ilu da ya yi hedimasta. Shekara da shekaru dara kawai suke yi a ƙasa, kawunku na gefe yana kallo, ba ruwan kowa da shi. Sai bana ɗan Malam Ilu ya aiko masa da kwali daga Kaduna cike da wasanni: lido, karta, draft, da wani mai zanen macizai da tsani. Na je da ƙafata na tsaya musu a kai na tabbatar ba kuɗi ake sawa ba, na dawo gida hankalina kwance. Da na san abin da kwalin nan zai jawo mini, da a murhu na sa shi.

Wata rana suka buɗe lido, suka ga gida huɗu ne su kuma su uku, sai suka ce Nomau ya cike. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da aka ce masa matso ka zauna cikinmu. Malam Ilu ya gyara murya irin ta aji, ya ɗaga ɗan farin abin nan mai ɗigo-ɗigo da ake kaɗawa a gwangwani.

"Doka ta farko, ba mai fita daga gida sai ya jefa shida."

"Ko wane ne, Malam?" in ji Nomau.

"Ko gwamna ne."

Suka yi ta yi har la'asar. Barau ya ce wannan ba wasa ba ne, zaman jiran mota ne. Malam Ilu ya ce yana koya wa mutum haƙuri. Sidi kuwa, da ya shafe awa guda bai ga shida ba, ya ce wanda ya ƙirƙiro shi ba ya ƙaunar jama'a. Washegari na auna masara na ce Nomau ya kai inji. Har hantsi ya yi ina jin ƙwal-ƙwal a zaure. Na leƙa, sai ga shi zaune da gwangwani, buhu na gefe.

"Me kake yi?"

"Yaya, tun ɗazu uku nake samu, sai biyu."

Na fizge gwangwanin don in nuna masa shirme ne, na watsar a ƙasa. Shida ta fito. Ya dube ta, ya dube ni, fuskarsa cike da murna.

"Ma sha Allah! Ke kika samu, Yaya. Ke za ki fita."

Ni na kai masarar nan inji, da wannan gwiwar tawa.

Wata rana kuma suka koma karta. Wannan Malam Ilu ne da kansa ya ba ni labari. Barau dai gani yake duk garin nan ba wanda ya kai shi, wai a tashoshi ya koya tun daga Legas har Maiduguri. Ya raba wa kowa biyar-biyar, ya ga Nomau ya baje nasa a cinya kamar mai tallar goro.

"Kai Nomau! Kada ka bari kowa ya ga katinka. Kowa fa!"

Nomau ya kife su, ya kau da kai, tunda shi ma yana cikin kowa. Da layi ya zo kansa sai ya zaro ɗaya ya ajiye a kife.

"Me ka ajiye?" in ji Sidi.

"Ban sani ba."

"To ya za mu san ya dace?"

"Ku tambayi Barau, shi ya hana."

Suna cikin musu layi ya zagayo, ya sake ajiyewa a kife. Kafin su gama rantse-rantse hannunsa ya zama wayam. Malam Ilu ya sa tabarau ya karanta takardar da ta zo cikin kwali, ya ce an rubuta wanda katinsa ya fara ƙarewa shi ya yi nasara, kuma ba inda aka ce a buɗe ko a kife. Barau ya birkice katunan cikin fushi, sai ga uku daga cikin biyar sun dace daidai, shi kuwa Barau da idonsa biyu, kati ɗaya kawai ya iya ajiyewa. Daga ranar ya ce karta ba wasan masu hankali ba ce, dama can ya sani.

Wata rana sai draft. Wannan ne ya yi wa Sidi daɗi, ya ce shi ne ɗan'uwan dara, sai dai an sa masa riga. Kawunku ya riƙa taɓa wannan ya saki, ya taɓa wancan. Sidi ya daka masa tsawa.

"Abin da ka taɓa shi za ka matsar, ba fashi! Kuma gaba ake yi, ba a komawa baya."

Ya dawo gida hannuwansa cikin hammata, ko gaisawa ba ya yi da mutane. Kwana biyu yana kaffa-kaffa. Rana ta uku ya yi tuntuɓe a tsakar gida ya dafa randata, wadda kakarku ta bar mini, rabinta binne cikin yashi. Ina ɗaki ina murza ƙuli-ƙuli na ji ana haƙa. Na fito na tarar ya tono ta da ruwanta, ya rungumo, ya dire ta a ƙofar kicin.

"Mayar da ita!"

"Ba a komawa baya, Yaya."

"To ta ina zan shiga in dafa maka abin da za ka ci?"

Ya dubi randar, sai ya ce, "Yanzu layinki ne."

Na sa hannu zan janye ta, gindinta ya zauna a kan dutse, ta tsage tun daga ƙasa har wuya. Ban yi kuka ba, amma ranar ban ci abinci ba.

Wata rana, kuma wannan ce ta sa na nemi mai mota, suka gwada na macizai da tsani. Ko rabi ba su yi ba suka ture shi, Barau ya ce a ba jikoki. Amma kafin su ture, Malam Ilu ya riga ya yi bayani: duk wanda ya zo gindin tsani dole ya hau, saukowa kuwa sai ta kan maciji. A hanyar kawunku ta dawowa, magina sun jingina tsani a bangon Alhaji Mati maƙwabcinmu sun tafi cin abinci. Sai ihun mata na ji. Na fita na ga kawunku tsugune a kan soron mutane, ya rufe ido da hula don kada ya ga tsakar gida, matan gidan na ta guje-guje suna neman mayafi. Alhaji Mati na ƙasa da sanda.

"Sauko, ɗan banza!"

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba a sauka ta tsani."

Na ɗauko igiyar guga na cilla masa, na ce ga macijinka nan, bi shi ka sauko. Ya ɗaga hula ya leƙa.

"Haba Yaya, wannan ai igiya ce. Kin mai da ni mahaukaci?"

Sai da aka je aka ɗauko Malam Ilu a kan babur, ya tsaya a tsakiyar jama'a ya ɗaga murya ya ce wasa ya tashi, sannan kawunku ya sauko. Alhaji Mati ya kai ƙara wajen mai unguwa. Ni da furfurata na je na durƙusa ina ba da haƙuri. A hanyar dawowa na ce wa kaina ya isa.

To, wata rana cikin makon jiya, kwalin ya gundure su suka koma dararsu. Sai dai gardamar wasannin nan ta riga ta ɓata tsakanin Sidi da Barau. Sidi na kiran Barau wanda Nomau ya lallasa ido rufe, shi kuma yana cewa Sidi ko shida ba ta san shi ba. Abokan shekara arba'in, ɗiyar Sidi na auren ɗan Barau, har da jikoki huɗu. Zafi ya kai su suka rantse gaban mutane: wasa ɗaya, wanda aka cinye ba zai ƙara taka rumfar ba har ya mutu. Suka tona gurabu a bakin rumfa, Sidi da tsinkaye, Barau da duwatsu. Ana cikin yi, duwatsun Barau suka rage huɗu, kowa ya ga inda aka dosa. Sai aka kira sallar la'asar.

Sidi ya miƙe ya ce, "Nomau, kada ka bar Barau ya taɓa darar nan."

Barau ya ce, "Ni ma, kada ka bar Sidi ya taɓa."

Da suka dawo suka tarar ya kife kwando a kai ya zauna kusa, ya ɗora hannu. Sidi ya miƙo hannu, Nomau ya ce a'a, Barau ya hana. Barau ya miƙo, ya ce a'a, Sidi ya hana.

"To na janye tawa," in ji Sidi.

"Madalla," in ji Nomau. "Barau, kana iya taɓawa."

"Ai ba layina ba ne," in ji Barau, "layin Sidi ne."

"To janye taka mana!" in ji Sidi.

"In janye ka kore ni? Ban janye ba."

Kwana uku ana haka. Can nake aika masa tuwo, can yake salla kusa da kwandon. Su biyun kullum su zo su zauna, ɗaya nan ɗaya can. Ranar farko zagin juna suka yi. Rana ta biyu suka haɗu suna zagin Nomau. Rana ta uku an gan su sun raba goro ɗaya suna ba baƙi labarin soron Alhaji Mati, Barau na dariya har da hawaye. Rana ta huɗu hadari ya taso da azahar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya bi ta ƙarƙashin kwandon ya shafe gurabun, ya tafi da tsinkaye da duwatsu cikin kwata. Kawunku ya shigo gida jiƙe sharkaf.

"Ina darar?" na ce.

"Ruwa ya taɓa ta. Ba wanda ya ce in hana ruwa."

Jiya da safe sai ga sallama. Sidi da Barau, kafaɗa da kafaɗa, har da Malam Ilu a baya. Sun ji labarin motar Juma'a. Barau ya ce, "Hajiya, in kika kai shi ƙauye, da wa za mu cike lido?" Na ce su cike da uwar lido. Sai Sidi ya ja ni gefe ya rage murya.

"Hajiya, tsinke ɗaya ya rage in matsar in cinye shi. Tun ina masallaci nake neman yadda zan fasa ban samu ba, na riga na rantse gaban mutane. Da na kore shi, da wane ido zan dubi ɗiyata? Mu masu wayon mun rasa mafita, shi ya zauna gadin kwando ya fitar da mu."

Na ce masa ba da saninsa ya yi ba. Ya ce ya sani, amma dai an yi.

To ga inda na tsaya. Randata ta tafi. Alhaji Mati har yau ba ya amsa gaisuwata. Ɗan Malam Ilu kuma an ce ya yi alkawarin aiko da wani kwalin, wai har da wanda ake sayen gidaje da filaye a cikinsa, ku dai ku yi tunanin abin da zai faru in wannan ya shigo unguwar nan. A ɗaya gefen, gida biyu da suka kusa rabuwa suna nan lafiya, mutumin da ba a taɓa nemansa ba yau dattawa uku sun zo roƙo a kansa. Ni ban shiga aji ba, amma ba a taɓa kawo mini magana na kasa rabe ta ba sai wannan. Wauta ce ko mene ne, ban sani ba.

Ku 'ya'yan 'yar'uwarsa ne, kuna da haƙƙi a kansa. Ya tafi gona ko ya zauna, ku faɗa mini, abin da kuka yanke shi zan yi. Amma ku hanzarta. Tun da hantsi na ce masa ya tsaya a zaure kada ya motsa sai na kira shi, ga shi har an kusa azahar, kuma tururuwa sun yi yawa a wurin.