Butar da Na Tsinta a Gidan Baba Ramon

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a Lyon ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Daga Maradi na taso don in karanta Sifaniyanci a jami'ar da ke Bron, a gefen birnin (kada ku tambaye ni abin da ya kai ɗan Maradi Faransa neman harshen Sifen, mahaifina ya tambaya har ya gaji). Ɗaki ya gagara samuwa. Na daɗe ina kwana a tabarmar kawuna Alhaji Sani, ɗan kasuwa a Belleville ta Paris, alhali karatu ya yi nisa a Lyon. Daga ƙarshe wata malamarmu ta haɗa ni da wasu tsofaffi 'yan asalin Sifen, Baba Ramon da matarsa Mama Pilar, suka ba ni ɗakin ɗansu da ya yi aure. Sharaɗinsu ɗaya ne, a teburin cin abinci ba a yin Faransanci, sai Sifaniyanci. Na san in na rasa ɗakin nan, karatun ma ya tafi.

Zama gidan mutane gajiya ne. Abincin dare sai hanji ya gama naɗewa, ga murmushin dole, ga neman kalma kafin ka roƙi gishiri. Duk wannan na jure. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan gida, don babu buta, sai takarda. In na ɓoye gorar roba a lungu, washegari Mama Pilar ta kwashe ta cikin shara. To, da wane baki zan yi wa sa'ar kakata bayanin tsarki?

Ana nan sai wata rana na hango wata aba a kan wata 'yar kanta, dab da ƙofar bayan gidan, ƙura ta rufe ta. Ta yumɓu ce fara, da mariƙi a sama, da bakin zuba ruwa, da ɗan hanci siriri. Buta sak. Kuma da yake ni mai ilimi ne, nan take na samo hujja: ai Musulmi sun daɗe suna mulkin Andalus a ƙasar Sifen, ashe buta ce suka bar wa mutanen gado. (Har a aji na ba wani abokina wannan bayani, ya jinjina mini kai.)

Haka muka ci sanyin shekarar nan ni da ita. In na gama in ɗauraye ta, in mayar da ita mazauninta. Da zafi ya fara shigowa ma sai na riƙa tarar da ita cike da ruwa mai sanyi. Na ce Allah ya saka wa Mama Pilar da alheri, ta gane matsalata ba tare da ta kunyata ni ba.

Wata Lahadi da rana 'yarsu da mijinta suka zo cin abinci. Muna tsakiyar ci sai Baba Ramon ya tashi ya shiga ciki. Da ya dawo, sai ga butata rungume a ƙirjinsa kamar jaririya.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, yau za ka sha ruwa irin na garinmu. Wannan tulun mahaifiyata ne. A cinyarta ta riƙo shi cikin jirgin ƙasa ranar da muka baro ƙauye. Shi kaɗai ya rage mini na hannunta."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ya ɗaga tulun sama, ya karkata hancin, ya buɗe baki. Wallahi na yi tunanin in yi shiru in tsira da ɗakina, kuma na kusa yi. Sai dai na ga 'yar ta miƙo hannu tana jiran nata, ga ta da tsohon ciki. Ban san lokacin da na riƙe wuyan hannun tsohon ba.

Na fara magana da Faransanci, sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa. "Sifaniyanci," in ji shi.

A lokacin ina iya ba da tarihin sarakunan Sifen da harshensu, amma babu malamin da ya taɓa koya mana yadda ake faɗin abin da nake yi da tulun nan. Na ce ruwa. Na ce bayan gida. Na ce addini. Suka zuba mini ido ba su gane ba. Da kalmomi suka ƙare, sai na miƙe, ni ɗan malam, jikan malam, na ɗan durƙusa a gaban miya da burodi, na nuna da hannu.

Mama Pilar ta rufe baki da tsumman goge hannu. Surukin ya ajiye cokali a hankali. Baba Ramon ya dubi tulun, ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon sanyi."

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ni kuma tun da zafi ya shigo nake cika shi ina sha."

Da yamma na fita tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, na kira kawuna. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Mi ya hwaru? Muryarka ba daidai take ba." Da na gama ba shi labari ya yi dariya har yana tari, sannan ya ce, "Bon, kai da anka tura neman ilimi, ka tai ka shayar da tsoho ruwan buta. In sun kore ka, tabarmarka tana nan, ban naɗe ta ba."

Kwanaki suka wuce tsohon bai ce mini uffan ba, ko a tebur. Na haɗa kayana a jaka ina jiran sallama. Wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofata, na buɗe, ga shi tsaye da tulun. Ya rame a idona.

Ya ce, "Ba zan iya sha da shi ba, ba kuma zan iya fasa shi ba. Riƙe. Ɗakinka kuwa naka ne har ka gama karatu."

Da ya kore ni da ya fi mini sauƙi. Na raba mutum da abu ɗaya da ya rage masa na uwarsa, saboda ina jin nauyin tambayar da ba ta fi numfashi guda ba. Tulun yana gidana har yau a saman kabad, ba na sha da shi, ba na kuma shiga ko'ina da shi. Yanzu in na sauka gidan mutane, ko cokali zan ɗauka sai na tambayi aikinsa, in ya so su ce baƙon nan bai da wayo.