Turkar Ɗan Fari

Tun muna cikin Jihar Sakkwato, duk Zurmi an san ni da turkar raguna. Da aka haifa mini ɗan fari, na ɗauka babu mai koya mini kiwo. Yana wata uku na fara ɗura masa kunu da sukari da man shanu, ko da ya sha nono ya ƙoshi. Uwarsa ta ce, "Malam, yaron nan ko juyawa ba ya iyawa, numfashi ma da ƙyar." Na ce mata lafiya ce.

Ranar awo na sa babbar riga, na raka su asibiti a Ƙaura, ina jiran yabo. Nas ɗin, wata 'yar Kudu, ta ɗora shi a sikeli, ta tambayi abin da yake ci. Na zayyana mata ina washe baki. A gaban mata cike da benci ta ce, "Baba, jariri ne wannan, ko layya za ka yi da shi?"

Aka janye kunu, yaro ya warware. Yau har ya yi furfura, siriri kamar kara. Amma duk Babbar Sallah sai maƙwabta sun leƙo: "Alhaji, bana wa ka turke?"