Ranar Da Na Kira Wa Masu Tuba 'Yan Sanda

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na tara wa kaina jama'a da bakina. Shekarar da soja suka koma bariki ce, farar hula sun karɓi mulki, kowane sabon kansila yana neman abin da zai nuna wa mutanensa. Mu a Ƙofar Kwaya abin da ya dame mu kauraye ne, samarin nan masu yawo da adduna da gora, su tare lungu da rana tsaka su sari wanda suka ga dama. Sai ƙaramar hukuma ta ware kuɗi aka sayo wa kwamitocin tsaro na unguwanni oba-oba, wato rediyon kira irin na 'yan sanda, aka kuma yi alkawarin koya wa duk wanda ya ajiye makami sana'a.

Ni malamin firamare ne, ni ne kuma sakataren kwamitinmu, don haka oba-obar unguwarmu a hannuna ta faɗo. Jama'a, na ji daɗin abin nan fiye da kima. Na rataye ta a kafaɗa, ɗaurin aure da ita, ta'aziyya da ita, cefane ma da ita. Idan na ga taro sai in ƙara mata murya don a ji tana shuuu. (Maiɗakina ta ce saura in kai ta wajen liman a raɗa mata suna.) Wata biyu ina addu'a a ɓoye Allah ya kawo abin da zan yi kira a kansa, don har lokacin ban da "gwaji, gwaji, oba" ban taɓa faɗin komai a cikinta ba.

Ranar, bayan an sauko daga azahar, ina zaune a shagon wani tela abokina sai na ga yara suna shigewa gidaje da gudu. Mai tuyar awara ta bar kaskonta a wuta. Da na leƙa sai ga Lawal Gwaska, shugaban kaurayen wajenmu, wanda na koyar a aji huɗu, yana tafe da samari kamar goma a bayansa. Kowa da adda tsirara a hannu. Ba ihu, ba waƙa, tafiya suke a hankali kansu a ƙasa, kuma wannan shirun ne ya fi ba ni tsoro. Suka karya kwana suka nufi gidan mai unguwa.

Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin teburin yankan yadi ba. Na danna maɓallin oba-oba.

"A kawo ɗauki! Kauraye sun hi hamsin, za su kashe mai unguwa! Oba! Don Allah oba!"

Hamsin ɗin daga ina na samo su, har yau ban sani ba. Kuma wannan kira ba 'yan sanda kaɗai suka ji ba, duk wani mai riƙe da oba-oba daga Ƙofar Durbi har Ƙofar Kaura ya ji.

Ba a jima ba motoci biyu suka shigo da jiniya. Da na tabbatar masu bindiga suna gabana, sai na karkaɗe riga na bi su a baya, ƙirji a buɗe. A ƙofar gidan na tarar da abin da ban zata ba. An shimfiɗa tabarma, mai unguwa da liman suna zaune, addunan nan an jere su a gabansu. Samarin kuwa suna kwance rubda ciki, bindigogi a kansu. Uku sun riga sun haura katanga da nasu makaman. Lawal yana durƙushe, hannunsa bai kai ga sakin tasa addar ba, wani ɗan sanda yana daka masa tsawa ya saki, shi kuma ya ƙame yana kallon mai unguwa da jajayen idanu. Na ji an ɗana bindiga.

Mai unguwa, tsoho mai dogara sanda, ya miƙe ya tsaya tsakanin bakin bindigar da yaron.

"Ku hwara da ni," in ji shi. "Ɗiyan ga tuba suka zo yi. Ni na rantse masu ba mai kaki da za shi zo wurin ga." Ya juya. "Lawal, aje ta. Don darajar mahaihiyarka, aje ta."

Aka ɗauki lokaci kafin addar ta faɗi a tabarma.

Babban 'yan sandan ya sauke hularsa ya share gumi ya ce, "To wa ya yi kiran?"

Ba wanda ya nuna ni. Ba a ma buƙata, ga abar nan a kafaɗata tana shuuu. Ashe wata uku mai unguwa da liman suka yi suna lallashin yaran nan ta hannun iyayensu mata. Na matsa kusa da mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ne sakatare, mi ya sa ba a hwaɗa mani ba?"

"Malam Sakatare," ya ce a gaban kowa, "da mun hwaɗa maka, da Katsina duka ta ji kahin la'asar. Ga shi ba mu hwaɗa ba, kuma ta ji."

Da yake kira ya riga ya shiga, dole aka tafi da Lawal ofis. Na bi su, na zauna na rubuta da hannuna cewa ba hamsin ba ne, ba kuma kisa suka zo yi ba, tsoro ne ya kama ni a ƙarƙashin teburin tela. Aka karanta mini da ƙarfi, na sa hannu. Sai da la'asar ta yi sanyi aka sake shi.

A bakin ƙofa na tare shi in ba shi haƙuri. Na zaci zagi zan sha. Sai ya rusuna kamar yadda yake yi a aji, ya ce, "Malam, shekara biyar ina wucewa ta ƙohwar gidanka da addar nan, kullum kulle ƙohwa kake yi. Ba ka taɓa kira mani kowa ba sai yau da na kawo ta."

Gaskiya ya faɗa.

Lawal ya cika alkawari, ya koyi walda. Cikin ukun da suka haura katanga biyu sun dawo daga baya, ɗayan bai ƙara yarda da maganar wani babba ba, kuma wannan yana cina har yau. Abin da na koya shi ne, gwamnati tana iya saya wa matsoraci na'ura, amma abin da za ta ƙara masa murya ce kawai. Yanzu ko gobara na gani, sai na tambayi na kusa da ni ko shara ake ƙonawa.