Ma'aikatan Gobe da Rigar Naw Tha Lay

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce tukunyar mohingata, miyar kifi da taliyar da nake sayarwa, ta huce saboda tsarin tarayya. Da ban san siyasa tana shiga miyar kifi ba.

Cibiyar Horar da Ma'aikatan Gobe ce ta ce in kai abincin bikin yaye ɗalibanta, a can bayan kasuwar Mae Sot, garin bakin iyaka da muke zaman gudun hijira. Na ɗaure tukunya a bayan babur, na isa da hantsi miya tana tururi. Sai aka ce in dakata, ana tattauna jihar da za ta fara ɗiba. Wakilin mutanen tudu ya ce tun zamanin kakanni mutanen kwari ke fara cin komai, yau kam bai yarda ba. Wakilin kwari ya ce shi bai ƙi ba, amma a rubuta cewa da amincewarsa aka yi. Aka kafa ƙaramin kwamiti. Kafin ya kawo rahoto taliya ta jiƙe ta koma kunu, kowa ya sha nasa da sanyi. Mai Girma Babban Daraktan Gobe, ransa ya daɗe, ya ce wannan shi ne rabon iko a aikace.

Kada ku ce hassada nake yi, cibiyar nan aiki take. Ta tattara waɗanda suka baro ofisoshinsu a gida suka tsallako kogi, su malaman asibiti da akawu da injiniyoyi, tana koya musu yadda za su tafiyar da gwamnatin tarayya ranar da muka sami ƙasar da za a tafiyar. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kasance a tsakiyar aikinsa. Ni ma na nema, aka ce direban bas da ya baro bas ɗinsa a Yangon ba a san inda tsakiyarsa take ba. Na haƙura na koma kan tukunyata.

Maƙwabciyarmu Naw Tha Lay tana cikin waɗanda aka yaye. A garinsu akawun ofishin filaye ce, a nan kuwa hannun riga take ɗinkawa a masana'anta, da yamma ta ɗauki waya ta shiga aji. A ajin ba mai kunna kyamara, ba mai faɗin sunansa na gaskiya, ita Ma Sabe suke kiranta. Dalili kowa ya sani. Tsohuwarta tana can ƙauye a hayin kogi, sojojin da muka gudo dominsu kuma suna da ɗabi'ar kai wa iyayen wanda ya gudu ziyara.

Ana gobe biki ta leƙo wurin matata Ma Nyo.

"Yaya, wai kowa ya zo da kayan ƙabilarsa."

"To ari tawa mana, wa zai sani?"

"Sun ce ban da aro. Hoton za a tura wa masu ba da tallafi, su ga kowace ƙabila tana ciki. Ni kaɗai ce 'yar ƙabilar Karen a ajin, in na sa taki jerin ya yi giɓi."

"Fuskarki fa?"

"Saya, wato malaminmu Darakta, ya ce za a rufe."

Riga ɗaya ta tsallako da ita, saƙar tsohuwarta, baƙa mai jan zare da fararen ƙwayoyin ado. Sauran mata a miƙe suke jera ƙwayoyin. Ita tsohuwar a karkace take jera nata, su hau su sauka, kuma a duk yankinsu ba wanda bai san hannunta ba.

Ranar Lahadi hoto ya fito a shafin cibiya, kuma dole in yaba, an yi aiki da natsuwa. Kowane ɗalibi an manna masa zagayayyiyar fuskar nan mai ruwan ɗorawa da ke dariya. An rufe lambar babur ɗina. Har karen mai gadi da ya shigo ta gefe an rufe masa fuska. Mutum ɗaya aka bari a buɗe, Mai Girma Darakta a tsakiya, don shi iyalinsa tuni suna ƙasar da ake yin ƙanƙara.

Da sassafe Naw Tha Lay ta same ni ina hura wuta.

"Kawu Sein Pe, ka ga hoton?"

"Na gani, 'yata. Ban taɓa ganinki kina fara'a haka ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo min wayar ta nuna ƙasan hoton. Wata baiwar Allah 'yar ƙauyensu, da zuciya ɗaya, ta rubuta cewa kai, wannan ai saƙar gwaggonmu ce ta gidan gindin mangwaro, ta kuma ƙara da jan fure. Na sauke tukunya, na ɗauke ta a babur muka nufi cibiya wurin Darakta.

"Saya, don girmanka a cire hoton nan," in ji ta. "An gane rigar."

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Mun bi ƙa'ida sau da ƙafa. Ƙa'ida ta ce fuska da suna da lambar abin hawa. Babu riga a ciki."

"To a sa riga."

"Madalla! Kin ga amfanin karatu. Sai dai cire hoto hurumin Kwamitin Yaɗa Labarai ne, shi kuma sai wakilan jihohi duka sun yarda. In na cire da hannuna, me ya raba ni da waɗanda muka gudo dominsu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ɗora shi?"

"Ni na ɗora."

"Da yardar kwamitin?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai kai tsakiyar aikinsa ba. "Ɗorawa gudanarwa ce, Kawu. Cirewa kuwa manufa ce. Darasi guda muka yi a kan bambancin."

Naw Tha Lay ta san darasin, ita ta zo ta ɗaya a cikinsa. Amma a wurinmu ɗalibi ba ya musu da malaminsa ko da gidansa ke cin wuta. Ta sunkuya ta yi godiya muka fito.

Kwamiti ya zauna, kyamarori a kashe. Zaman farko wayar wani wakili ta katse, aka ce ba a yanke hukunci a bayan idon jiha guda. Zama na biyu aka tsaya a kan ko riga tana cikin al'adu, wanda hurumin jiha ne, ko tana cikin tsaro, wanda hurumin tarayya ne. Hoto kuwa yana ta yawo, ana ta yaba haɗin kan ƙabilu.

Shekaranjiya da yamma na tarar da ita zaune a dakalinmu, rigar a ninke kan cinyarta, Ma Nyo na riƙe da kafaɗarta. Ɗan ƙanin babanta ya kira daga ƙauye. Masu ziyara sun je. Amma labari ya riga su isa, tsohuwa ta fitar da masaƙarta da zarenta da duk rigunan da ta gama, ta cinna musu wuta a bayan gida. Da suka zo ta ce ita idonta ya mutu tun tuni, ta manta rabonta da saƙa. Matan ƙauyen da suka taɓa sayen rigarta su ma kowacce ta ƙone tata. Masu ziyara suka zagaya, suka ce za su dawo.

"Tana nan lafiya, Kawu," in ji Naw Tha Lay. "Ba su tafi da ita ba." Ta shafa ƙwayoyin da yatsa. "Tun tana budurwa take kan masaƙar nan. Yanzu tawa ce kaɗai ta rage, kuma ba inda zan iya sa ta."

Ba na ɓoye muku, raina ya ɓaci ƙwarai, na shige ɗaki don kada ta ga idona.

Jiya kwamiti ya amince baki ɗaya a cire hoton. Mai Girma Darakta ya fitar da sanarwa cewa wannan nasara ce ta tuntuɓar juna, ba jihar da aka danne. Ina taya shi murna.

Na kuma ji cewa a gwamnatin gobe har ma'aikatar raya sana'o'in gargajiya za a kafa. Shawarata ga duk wanda zai hau kujerar, in zai kai ziyarar aiki ƙauyen su Naw Tha Lay, ya tafi da masaƙarsa.