Yadda Za Ka Sayar da Tsohuwar Kyamarar Babanka Ba Tare da Ka San Komai a Kanta Ba

Idan ka bi matakan nan bakwai tiryan-tiryan, na ba ka tabbaci kafin mako ya zagayo ƙatuwar kyamarar nan da ta tare muku rabin ɗaki za ta bar gidan, kuɗi kuma su shigo aljihunka. Ba sai ka san aikin hoto ba. Sanin ma cikas ne, yana sa mutum jinkiri.

Ba irin kyamarar da ake ratayawa a wuya nake nufi ba. Ta katako nake nufi, mai ƙafa uku da wuya mai naɗewa kamar zuga-zugin maƙera, wadda sai mutum ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauki hoto. Fim ɗinta falle-falle ne, kowane ya kai faɗin littafin rubutu, ana saka shi a wasu siraran akwatuna da ake zurawa ta baya.

Shaidata Auta, ɗan wani mai hoto da ya rasu wata huɗu da suka wuce. Auta rigar waya da caja yake sayarwa a bakin titi. Ya bi matakan nan bai tsallake ko ɗaya ba, ga shi nan da ransa.

Mataki na 1: Nemi izini, amma kada ka tsaya fahimtar sharaɗi

Tsofaffi ba sa ba da abu sai da jawabi. Ka gyaɗa kai kawai.

Mahaifin Auta ya shekara arba'in yana ɗaukar mutane hoto, amma shi da matarsa ba su da hoto tare ko ɗaya, don kullum shi ne a ƙarƙashin ƙyalle. Ana saura kwana tara ya rasu ya sa aka fito masa da kyamarar tsakar gida. Ya daidaita ta da kansa yana haki, ya zo ya zauna kusa da Mama, ya ce wa babbar 'yarsa ta danna. Ya ce idan ya ji sauƙi zai wanke. Bai ji sauƙin ba.

“Sayar da ita, Auta, ba zan hana ka ba,” in ji Mama. “Amma hotonmu yana ciki. Ka ciro min abina kafin ta fita daga gidan nan. Shi kaɗai nake so.”

“Haba Mama, wannan ai aikin minti biyu ne.”

Yayarsa ta ce, “Ka dai nemo wanda ya san kanta. Ni dannawa kawai na yi, sauran Baba ne ya yi abinsa.”

“Yaya, ni da nake ɗaukar hoto ɗari a wuni?”

Ka ji amsar ƙwararre. Duk wanda ya ce ka nemo masani, so yake a raba riba da masanin.

Mataki na 2: Yanke farashi

Buɗe wayarka ka nemo kyamarar da ta fi kowace tsada a intanet. Kada ka wahalar da kanka wajen duba ko kamfaninsu ɗaya da taka. Ƙafarta uku? Taka ma uku. Magana ta ƙare.

Auta ya samo wadda aka sa wa kuɗin mota. Tallar ta shekara uku a wurin babu wanda ya taya, amma wannan bayani ne na masu ƙaramar zuciya. Abin da mai kaya ya rubuta shi ne farashi, abin da aka biya kuwa sirrin mutane ne, bai kamata ka tona ba. Kafin la'asar Auta ya zaɓi launin motarsa, har ya fara tunanin wanda zai riƙa ragewa hanya da wanda zai wuce.

Mataki na 3: Yi mata kwalliya

Mai saye da ido yake saye. Goge gilashin gaba da bakin rigarka, ka hura masa numfashi, ka sake gogewa da ƙarfi. Idan ka danna ka ji ƙarar tana fita a kasalance, ɗauko man keken ɗinkin yayarka ka tsiyaya mata, kada ka yi rowa. Hudojin da ke wuyan kuma baƙin salatif ya ishe su.

Da Auta ya gama sai ya shiga ƙarƙashin ƙyallen ya leƙa gilashin baya. Ya hango Mama tana shanya, kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama. Ya jijjiga kyamarar, ya ɗan mammare ta a gefe kamar yadda ake yi wa rediyo, Mama dai ba ta miƙe ba. Nan ya yanke shawarar ba zai gaya wa mai saye ba, kuma ina yaba masa.

Mataki na 4: Cika wa mahaifiyarka alkawari, da kanka

Siraran akwatunan fim guda shida ne a cikin wata jakar fata. Kowane yana da murfi mai zamewa. Biyar bakin murfinsu fari, ɗaya baƙi. Auta ya lura da haka, ya ce a ransa Baba ya rasa madadi ne ya haɗa da wanda ya samu.

Ɗakin da duhu, kuma ba a neman abu mai daraja a duhu. Ya jira har Mama ta fita unguwa don ya ba ta mamaki, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida da rana tsaka, ya zare murafan ɗaya bayan ɗaya. A kowane akwati falle ne mai ruwan toka, babu Baba, babu Mama, babu ko inuwar kujera. Ya ɗaga na baƙin murfin saitin rana ya ƙura masa ido, ya juya bayansa, ya haska da fitilar waya. Wayam.

Ya ɗan tuna yadda Baba kan kulle kansa a ƙaramin ɗakin nan marar taga, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya yi ta faɗa idan wani ya taɓa mariƙin. Amma kowa ya san tsofaffi da son ɓoye sana'a. Ya mayar da komai yadda ya same shi, don Auta yaro ne mai tsari.

Da Mama ta dawo ta tambaya, ya ce yana kan bincike. Ka riƙe wannan jimla, za ta yi maka amfani a rayuwa.

Mataki na 5: Tallata, ka yi haƙuri da jama'a

Rubuta cewa “kamar sabuwa take” kuma “babu irinta.” Na biyun gaskiya ne, tun da man keke ya shiga.

Mutum na farko ya tambaya ko tana ɗaukar bidiyo. Na biyu ya zagaya ta sau uku yana neman inda ake mata caji. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya ce katakon ya yi yawa, ya taya kuɗin da ko tsintsiya ba za su saya ba. Mai shagon aski ya ce zai sa mata ƙwan lantarki a ciki ya ajiye a ƙofa don ado. Auta ya kore su duka, ya ce ba su san darajar tarihi ba.

Mataki na 6: Idan masani ya zo, nuna masa kai ma ba baya ba ne

Rana ta biyar wata malama ta zo, mai koyar da ɗaukar hoto a wata makaranta. Ba ta taya ba, ba ta kushe ba. Ta kara kunne ta danna, ta ji ƙarar, ta shinshina, ta dube shi.

“Wa ya sa mata mai?”

“Haka muka gan ta,” in ji Auta.

Ta zura fitila cikin wuyan, haske ya fito ta wuri goma sha ɗaya duk da salatif. Ta shiga ƙarƙashin ƙyalle. Auta ya yi saurin cewa kifewar da take yi wa mutane ba ta da wuyar gyara. Malamar ta yi dariya har ƙyallen na rawa, ta ce haka aka yi ta, duk irinta haka suke nunawa. Ta faɗi abin da za ta iya biya. Motar Auta ta koma taya biyu, su ma na hannu.

Sai ta buɗe jakar fata. Ta jera akwatunan, ta tsaya a kan ɗaya, muryarta ta sauya.

“Mahaifinka mai kula ne. Ka ga wannan? Mu masu aikin nan, idan fim sabo ne farin gefen murfi muke bari a waje. Idan an ɗauka sai a juyo baƙin. Akwai hoto a cikin nan da ba a wanke ba. Kada kowa ya taɓa shi. Ba ni, gobe in wanke muku, ba sai kun biya ba.”

A nan ne ake gane wanda ya karanta jagorar nan da kyau. Auta ya gyara tsayuwa.

“Kada ki wahalar da kanki, Malama. Na riga na duba, babu komai.”

“Ka duba? A ina?”

“Nan tsakar gida. Da rana tsaka ma, don in gani sosai.”

Ta ajiye akwatin a hankali.

“Yana ciki lokacin da ka buɗe,” ta ce. “Ba a ganinsa sai an wanke a cikin duhu. Haske na ƙiftawar ido ya isa ya cinye shi. Hoton wa ne?”

Auta ya gaya mata. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda, ya zauna a bakin gado.

“Babu wata manhaja da za ta dawo da shi? Ko a ƙasar waje? Zan bar miki kyamarar kyauta.”

“Babu, ɗan'uwana. Da akwai, da na gaya maka.”

Ta biya abin da ta ce, ba ta rage ko kaɗan ba. Ta kira mai mota suka ɗauki kayan. Ka ga ke nan an yi ciniki cikin kwana biyar, kamar yadda na yi alkawari.

Mataki na 7: Kai rahoto

Mama ta dawo daga kasuwa da wani abu mai faɗi naɗe a jarida. Ta leƙa ɗaki ta ga wurin kyamara fayau, ta yi murmushi, ta warware jaridar. Firam ne mai ruwan zinariya, da gilashinsa.

“Na ce wa mai shagon ya ba ni babba, don hotunan babanku ba ƙanana ba ne. Ka ga hoton namu? A ranar nan hularsa ta ɗan karkace, na so in gyara masa, sai na ga ya gaji. Ta fito a karkacen?”

Auta ya shirya gaskiya tun daga ƙofa, har ya jera kalmomin. Ya dubi firam ɗin, ya dubi fuskarta.

“Malamar ta tafi da shi wanki, Mama.”

“To madalla. Ka ce mata kada ta yi gaggawa, ta wanke shi da kyau. Zo ka kafa min ƙusa a nan, saitin gadona, inda zan riƙa ganinsa idan na farka.”

Ya ɗauko guduma ya kafa. Ta ce ya yi ƙasa, ya cire ya ƙara sama.

Sanarwa

Mai wannan jagora ya yi alkawarin kyamara za ta fita, kuɗi su shigo, kuma an yi hakan a gaban shaidu. Ba ruwansa da man keke, ba ruwansa da rana, ba ruwansa da abin da ka zare da hannunka. Idan mahaifiyarka ta rataye firam babu komai a ciki, tana goge gilashinsa kowace safiya tana tambayarka ko Malama ta kira, kada ka neme ni. Sayar da kyamara na ce zan koya maka. Abin da za ka gaya mata kuwa, wallahi ni ma ban sani ba.