Jan Ƙyallen Jirgin Kawu Mamman

Ba zan taɓa mantawa da kakar bara waccan ba, domin a cikinta na saci ƙyalle. Ba kuɗi ba, ba salula ba, jan ƙyalle wanda tsawonsa bai kai kamu guda ba. Da ɓarayi suna da ƙungiya, da sun kore ni saboda zubar musu da mutunci.

Kawu Mamman ƙanen mahaifiyata ne. Ya kwashe ƙuruciyarsa yana gyaran jiragen feshin fara, yana tuƙa su in ta kama, amma bai taɓa mallakar ko taya ɗaya ba. Da ya bar aiki, sai ya sayar da filinsa na Maraɗi ya sayi wani tsohon jirgi mai kujera biyu. A bayan kaminyo, babbar motar kaya, aka kawo shi Madarumfa, fiffike daban, gangar jiki daban, kamar ragon layya bayan an gama fiɗa. Shekara guda Kawu ya yi yana haɗa shi a ƙarƙashin rumfar kwano, a bakin gonarsa. 'Yan gari suka sa masa suna babur mai fiffike.

Ni nake miƙa masa ƙarafa, ni nake goge ƙura. (A lakwal kuwa, wato makarantarmu ta boko, na ce musu ni ne mataimakin matuƙi, kuma har Agadas na taɓa zuwa na dawo kafin la'asar.) Kawu ya yi mini alkawari: ranar tashi zai fara hawa shi kaɗai, in ya sauka lafiya, zagaye na biyu da ni.

A ƙarƙashin fiffiken hagu akwai wani siririn bututu kamar alƙalami. Iska ke shiga ta bakinsa ta motsa allurar da ke nuna gudun jirgi. Kullum yana sanye da 'yar hula mai jan ƙyalle da rubutun nasara a jiki.

"Ka ga wannan?" in ji Kawu. "In ya toshe, makaho nake a sama. Ba a cire hular nan sai za a tashi."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ana sauran mako guda a tashi, Kawu ya tafi Maraɗi kan maganar takardu da man jirgi. A lokacin ne wani ɗan ajinmu, Habu, ya ce a gaban 'yan mata wai ko inuwar jirgin ba a bari in taka. Da dare na je na zare hular, washegari na shiga lakwal da jan ƙyallen ɗaure a kan kekena. Kwana uku ina sarauta. Har waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwata ba suka zo taɓa ƙyalle.

Rana ta huɗu na koma in mayar da hular, sai na tarar da zanzaro yana shiga bututun da laka a baki. Ya fito, ya nufi wajen tabki, ya dawo da wata. Na leƙa ban ga komai ba, ginin yana can ciki.

Maimakon in jira Kawu, sai na tafi wurin Iya, kakata, wadda ta haifi Kawu da mahaifiyata. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Iya, in zanzaro ya yi gini a wurin mutum, me ake yi?"

"Me za a yi, angona? Arziki ne. Ɗakin da ya zaɓa haihuwa na tafe. Ba a rushe masa gini."

"Ko da a ina ne?"

"Kai dai da tambaya kamar alƙali. Ɗauki gyaɗa ka ba ni wuri."

Abin da nake nema ke nan. Ba gaskiya na je nema ba, mafaka na je nema, kuma na samu. Na koma na rufa hular a kan ginin zanzaro, na gyara ƙyallen, na ce wa zuciyata arziki ne.

Ranar Asabar da hantsi, gari ya taru a gonar da aka share bayan girbin hatsi. Har daga Ɗan Issa 'yan babur suka zo kallo. Liman ya yi addu'a. Kawu ya zagaya jirgin yana taɓa kowace gaɓa, ya cire hular, ya leƙa bakin bututun, ya wuce. Daga nan ya je ya durƙusa gaban Iya.

"Iya, ki yafe mini."

Ta dafa kansa. "Na yafe. Allah Ya kai ka, Ya dawo mini da kai."

Ina tsaye taku uku daga gare su. Maganar tana bakina, na ji ɗacinta. Amma Habu na bayana, 'yan ajinmu na kallona, ga ni sanye da tabarau na aro. Na haɗiye ta.

Injin ya tashi. Jirgin ya fara gudu, yara suna binsa da ihu. Ya wuce tsakiyar fili, ya kusa ƙarshe, hancinsa bai ɗaga ba. Sai muka ji ƙarar injin ta mutu, ƙura ta turnuƙe. Ya zarce cikin gonar waken maƙwabci, tayar gaba ta faɗa wani rami da ruwa ya zaizaye, jirgin ya durƙusa, farfela ta daki ƙasa ta tsage. Carbin Iya ya faɗi daga hannunta. Ban san tsohuwa tana iya gudu haka ba.

Kawu ya fito da jini a goshi. Bai kula kowa ba. Ya je wurin bututun, ya kwance shi, ya buga a tafin hannunsa. Busasshiyar laka ta zubo, da 'yan matattun tsutsotsi.

"Allurar ba ta motsa ba, shi ya sa na kashe injin," ya ce a hankali. "Wa ya taɓa cire hular nan?"

Nan ne ya kamata in zama namiji. Abin da ya fito daga bakina, a gaban liman da rabin Madarumfa, shi ne:

"Kawu, ai Iya ce ta ce arziki ne."

Iya ta juyo tana haki, hawaye bai bushe a fuskarta ba.

"A ɗaki na ce, ɗan nema. Jirgin ne zai haihu?"

Wasu suka yi dariya. Kawu bai yi ba. Na so ya mare ni, da na sami sauƙi. Sai ya kama hannuna ya zuba mini lakar a ciki.

"Ni ma da laifina, na duba da ido na tsaya nan. Amma kai ka sani. Da ka faɗa mini, aikin minti biyar ne. Da na tashi fa, Sani? Da wace allura zan sauko wa tsohuwar nan?"

Abin da na koya dai shi ne, in ka ga kana zaɓen wanda za ka tambaya, to ka riga ka san amsar, gudunta kake yi.

Wata bakwai aka yi kafin sabuwar farfela ta iso. Kawu bai kore ni ba, ya ba ni aikin leƙa kowane rami na jirgin safe da yamma, kuma a lakwal ba wanda ya ƙara kirana Sani, sai Zanzaro. Jirgin ya tashi bayan girbin bara, ya zagaya tabki ya sauka lafiya. A zagaye na biyu, Iya ce ta hau kujerar. Ni na riƙe mata takalma.